Injin zarto mai tebur yana ƙona min katako har ya taɓa harbo shi, in cire wuƙar bayan ne?

To ɗan'uwa, in na fahimce ka da kyau ga abinda ka kawo: ka sayi injin zarto mai tebur na hannu, in ka tsaga katako gefensa yana fitowa da baƙin ƙuna, faɗin farko da na ƙarshe basa zuwa ɗaya, rannan kuma ya harbo maka guntun katako ya wuce ta gefen cikinka, shine wani ya baka shawara wai ka cire murfin da ƙarfen nan mai lanƙwasa da yake tsaye a bayan faifan zarton, tunda su ne suke riƙe katakon. Don Allah kar ka cire. Wannan ƙarfen shi muke cewa wuƙar baya, kuma a duk jikin injin babu abinda yake tsare ka kamarta. Ƙunar nan da rashin daidaiton faɗi da harbin da ya yi maka duk ciwo ɗaya ne, katakonka yana gogar bayan faifan, inda bai kamata ya taɓa ba ko kaɗan. In ka gyara wannan zakaga aikin ya fito tsaf kuma injin ya daina neman ranka, don saitin da yake bada yanka mai kyau shine dai saitin da yake hana harbi.

Bari in tsaya akan harbin sosai don in baka gane yanda yake faruwa ba duk sauran maganar zata zama haddar dokoki ne kawai. Tsaya a gefen injin a kashe ka juya faifan da hannu ta yanda yake juyawa in yana aiki. Haƙoran gaba, na ɓangarenka, ƙasa suke yi, suna danna katako akan tebur, su ne masu yanka. Haƙoran baya kuwa sama suke tasowa daga cikin tebur su nufo ka. Waɗannan basu da wani aiki a yanka, wucewa kawai ya kamata su yi ta cikin tsagin da na gaba suka buɗe. To da zarar katako ya ɗan karkace, ko tsagin ya rufe a baya ya matse faifan, ko fens, wato dogon ƙarfen da katako yake bin jikinsa in ana tsagawa, ya tura katakon jikin haƙoran, sai haƙorin baya ya kama gefen katakon ya ɗaga shi, ya hau saman faifan, daga nan kuma sai dai kaji abu ya daki ƙirjinka. Faifai mai inci 10, wato milimita 254, in yana juyi 4,000 a minti to bakin haƙoransa yana tafiyar kusan kilomita 190 a awa. Mutum mai lafiya kafin ya ga abu ya janye hannu ana maganar kusan kwatan daƙiƙa, a wannan ɗan lokacin faifan ya zagaya wajen sau 16. Shi yasa duk wanda yace maka ai shi yana lura, in ya ga zai harba zai kauce, bai taɓa ganin harbi na gaske ba. Kuma mafi muni ba dukan katakon ba ne, in hannunka yana kan katakon ta bayan faifai lokacin da ya fizge shi, da hannun zai tafi, ya bi ta kan haƙora. Yatsu da yawa ta nan suka tafi ba wai ta hanyar mutum ya tura hannu gaba da gangan ba.

A Amurka hukumar da take kula da lafiyar kayan masarufi, CPSC, ƙiyasinta shine sama da mutum 30,000 ne ake kaiwa ɗakin gaggawa duk shekara saboda faifan wannan injin ya taɓa su, dubbai daga ciki kuma yanke yatsa ne gaba ɗaya. Can ɗin ma sai daga 2008 ƙa'idar ƙera injin ta fara tilasta wuƙar baya a sababbin samfura, Turai kuwa sun daɗe da ita. Don haka in naka yana da ita ka gode Allah, tsofaffin injuna da yawa basu zo da ita ba.

Yanzu gyara. Kafin komai zare filogi daga soket, ba kashe makunni kawai ba, zarewa, ka ajiye kan filogin inda idonka yake ganinsa. Sai ka fara da faifai. A kan tebur akwai dogon rami guda biyu, hagu da dama, inda gejin kwana, wato abinda ake jingina katako da shi in ana datsewa, yake zamewa, to wannan ramin shine ma'aunin komai a injin don shi baya motsi, komai da shi ake daidaita shi. Ɗaga faifan har ƙarshe, zaɓi haƙori ɗaya ka sa masa alama da alƙalamin maka, kawo shi gaba daidai saman tebur ka auna tsakaninsa da bakin ramin, sai ka juya faifan ka kai wannan haƙorin dai baya ka sake aunawa. Dole haƙori ɗaya, don in ka auna biyu daban 'yar karkatar da take jikin faifan kansa zata ruɗe ka. In kana da agogon awo mai allura ya fi, in babu sikwaya mai zamiya ta isa, ka jingina ta da bakin ramin ka turo ruler ɗinta har ta shafi haƙorin ka ɗaure, ka kai baya ka gani. Bambancin bai kamata ya wuce kaurin takarda ɗaya ba, wajen milimita 0.1 kenan. In ya wuce, a manyan injuna masu akwati notin da suka riƙe tebur ake sassautawa a ɗan bubbuga teburin ya juya, a ƙanana kuma ƙarafan da suka rataye faifan a ƙarƙashin tebur ake sassautawa. Aiki ne mai cin rai don kana ɗaure noti sai abin ya sake gocewa, ka dinga ɗaurewa kaɗan kaɗan kana zagayawa kana sake awo. Injin na hannu kusan duk sai an yi masa wannan, ɗauka da saukewa kawai ya isa ya gotar da shi.

Sai fens, ƙarfen nan dogo da katako yake bin jikinsa in ana tsagawa. Ni a yanda ka bayyana matsalarka shi na fi zargi. Kulle shi ka auna daga bakin ramin zuwa jikinsa a gaba, ka auna a baya. Ko dai su zo ɗaya, ko bayan ya buɗe ya nisanci faifan da kaurin takarda ɗaya ko biyu, wannan ba laifi, wasu ma da gangan suke barinsa haka. Abinda ba'a yarda da shi ba shine bayan ya matso kusa da faifai, don hanyar ta zama tana ƙanƙancewa kenan, kana tura katako yana shiga matsi, haƙoran baya suna gogarsa suna ƙona shi, ranar da aka yi rashin sa'a su kama. Kuma ka duba ko yana kulluwa a wuri ɗaya kullum, fens mai araha in ka tura shi ta tsakiya ka kulle yau ya karkata hagu gobe dama. In naka irin wannan ne to ka saba da auna gaba da baya duk lokacin da ka motsa shi, ka dinga danna kansa jikin layin dogon gaba kafin ka kulle, sannan ka girgiza jelarsa da hannu ka ga ko tana wasa. In tana wasa ka sa kilam, wato ƙarfen matsewa, a baya. Akwai wani abu kuma da ake mantawa, ɗora ruler mai tsawo a fuskar fens ɗin ka ga ko a miƙe take, in ta yi ciki ko ta yi tozo ka ɗaura mata fuska ta katako ko filawud mai miƙe.

Ita wuƙar bayan, mai baka shawara yana iya yiwuwa ya ga gaskiya rabi, wato da gaske tana riƙe katakon, amma maganin ba cirewa ba ne. Abu biyu suke sa ta riƙe. Na farko ta goce daga layin faifan, ko ta lanƙwashe, sai ka ɗora ruler a jikin haƙora ta ɓangaren fens, gaba da baya, ka ga in wuƙar ta leƙo ta tokare ruler ɗin, in ta leƙo akwai sukurori a gindinta na saiti. Na biyu kauri. Dole wuƙar ta fi jikin faifan kauri amma kar ta kai faɗin tsagin da haƙora suke buɗewa. Faifai cikakke yana cin wajen milimita 3.2, siriri kuma wajen 2.4, to in mai injin na da ya saka siririn faifai alhali wuƙar ta kauri ce, katako zai zo ya cije a bakinta kana turawa yana ƙi, kaga a nan faifai zaka canza. Galibi ana rubuta kaurin a jikin wuƙar, duba. Tazararta da haƙora kuma kar ta wuce milimita 8, kar kuma ta matso ƙasa da 3. Amfaninta shine tana zaune a cikin tsagin, katako ko ya so ya rufe ita zai matse ba faifai ba, ko ya so ya karkato jikin haƙoran baya ita zai tarar. Murfin kuma aikinsa daban, shi yake hana hannu faɗawa kan faifai ta sama da kuma hana guntu faɗowa kan haƙora, in ya yi duhu baka ganin ciki wanke shi ko ka nemi wani.

In inji ya daidaitu saura katakon kansa, kuma nan ne masu koyo suke ɗora wa inji laifin da ba nasa ba. Gefen da zai bi fens dole ya zama miƙaƙƙe, fuskar da zata kwanta a tebur dole ta kwanta ba tana rawa ba. Katako mai baka in ka jingina shi da fens, yankan zai kwaikwayi bakan ne, a tsakiyar hanya kuma ya juya ya matse faifai. In baka da injin miƙar da gefe, ɗaure katakon akan falle na filawud mai gefe miƙaƙƙe, filawud ɗin ya bi fens, ka samu gefe ɗaya mai kyau, daga nan ka ci gaba. Wanda ya murɗe kuwa, wato in ka ajiye shi kusurwa ɗaya tana ɗage, bashi da hurumi a wannan injin sai an goge shi ya kwanta. Ɗanyen katako da wanda aka busar da gaggawa suna da wani hali, a waje lafiya lau amma a ciki akwai ja, kana tsagawa sai kaga tsagin yana rufewa a baya ko yana wagewa yana ture fens. Ba laifin saiti ba ne wannan. In na ga haka ina tsaga shi da ƙarin milimita 4 ko 5, in bar shi ya gama motsinsa, in sake miƙar da gefe, sannan in yanka na ƙarshe. Ka duba ƙusa, ka duba idon katako mai girgiɗi da zai iya ficewa ya yi tsalle, ka duba tsaguwa a baki.

Faifai kuma ba guda ɗaya ne na komai ba. Na tsagawa, wato bin tsawon jijiyar katako, haƙora 24 ne da manyan wurare a tsakaninsu don su kwashe gari. Na datsewa a kwance da filawud 60 zuwa 80. Mai 40 ko 50 shine na tsaka-tsaki, in ɗaya kawai zaka iya saya shi zaka saya. In ka ɗauki mai haƙora 80 ka ce zaka tsaga katako mai tauri mai kaurin inci 2, zai ƙone ko da saitinka ya fi na kowa kyau, don garin bashi da wurin fita, zafi ya taru, kai kuma ka ƙara ƙarfin turi, ƙarfin turi kuwa shine yake sa hannu ya zame. Sau da yawa ma faifan da ake cewa ya dakushe datti ne kawai, danƙon itace ya daskare a bayan haƙora, jiƙa shi a ruwan sabulu mai ɗumi ka goge da buroshin roba ka busar, zaka sha mamaki. In haƙori ya karye ko jikin faifan ya tsage kuwa ya gama aiki. Maganar tsayi akwai saɓani tsakanin kafintoci, wasu sun fi son a ɗaga sosai don haƙora su dinga sara ƙasa, wasu a sauke don abinda ya fito fili ya zama kaɗan. Ni dai ina barin haƙori guda ya fito cikakke a saman katako, wajen milimita 6, ya isa ya zubar da gari, kuma in tsautsayi ya faɗa abinda zai samu hannu bai kai na faifan da aka ɗaga har wuya ba.

To tsayuwa da hannaye. In fens yana dama ka tsaya ɗan hagu da layin faifan, yanda in abu ya taso zai wuce ta gefenka, kuma kar ka bari kowa ya tsaya a bayanka akan wannan layin. Hannun hagu yana kan tebur yana danna katako jikin fens, a gaban faifai, kuma a nan yake zama, baya bin katako. In ka danna daidai faifai ko bayansa kai da kanka kake rufe tsagin. Hannun dama yake turi, a hankali ba tsayawa, don duk inda ka tsaya haƙora zasu bar baƙin tabo. Idonka kuma ba akan faifai ba, faifai yana nan inda yake ba zai je ko'ina ba, ka kalli inda katako yake haɗuwa da fens, da ka ga haske ya fara buɗewa a wurin to katako ya fara barin hanya. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ƙa'idarta mai sauƙin riƙewa ce, santimita 30 na ƙarshen kowane yanka da sandar turi ake yinsa, sandar kuma kar ta gaza santimita 45. Ni na fi son irin mai faɗin nan da ake yankawa daga filawud, mai dogon tafi da yake kwanciya akan katako da ɗan dunduniya a baya, don siririyar sanda turi kawai take yi bata danna ƙasa, gaban katakon yana iya ɗagawa. Yi guda biyu ko uku ka ajiye akan fens inda hannu zai kai ba sai ka waiwaya ba, in faifai ya ci su ka yi wasu, aikinsu kenan. Kuma ka tura ɓangaren da yake tsakanin fens da faifai har ya wuce wuƙar baya gaba ɗaya, kar ka sake shi a rabi, wannan guntun da aka saki tsakanin fens da faifai shine harsashin. In katako ya cije a tsakiyar yanka kar ka ja shi baya, riƙe shi daram ka kashe injin, shi yasa makunni mai faɗin da gwiwa zata iya bugawa yake da daraja. Guntayen da suka taru kusa da faifai ka bari ya tsaya cak kafin ka kwashe, faifan da aka kashe yana juyawa a hankali shima yana cire yatsa.

Ina zargin guntun da ya harbo maka daga datsewa ya fito, don kuskuren da kusan kowa yake yi ne: a sa katako a gejin kwana, a jingina bakinsa da fens don a samu tsawo ɗaya, a tura. Da ya yanke, guntun ya zama bashi da mai riƙe shi, yana tsakanin fens da faifai, ya ɗan juya kaɗan kusurwa zuwa kusurwa ta fi faɗin wurin, shikenan. Gej da fens ba'a haɗa su a yankan da zai raba katako biyu. In kana son guntaye masu tsawo ɗaya, ɗaure ɗan katako mai kaurin santimita 2 ko 3 a jikin fens can gaba kusa da kai, ka jingina da shi ka ɗauki tsawo, kana turawa katakon ya bar shi tun kafin ya isa haƙora, guntun ya samu filin faɗuwa. Haka kuma duk abinda faɗinsa ya fi tsawon gefen da zai bi fens kar ka bi da shi ta fens, zai juya. Yanka da hannu zalla kuwa, ba fens ba gej wai kana bin layin fensir, wannan babu shi a wannan injin kwata kwata, ko na milimita ɗaya ne.

Gejin da yake zuwa da yawancin injuna ƙarami ne kuma yana wasa a cikin rami, don haka in da gaske kake son daidaito ka haɗa tire mai zamiya: falle na filawud, sanduna biyu a ƙasa da suke shiga ramukan tebur ba wasa ba matsi, katanga a gaba da baya, katako yana kwance a kai ana tura tiren gaba ɗaya. Duka ɓangarorin biyu suna da abin kwanciya, ba abinda yake gogar tebur, kuma tsagin da yake jikin tiren shi yake nuna maka daidai inda haƙori zai bi. A bayan katangar da kake riƙewa inda faifai yake leƙowa ka manna ƙaton guntun katako ya rufe wurin, don babban yatsa yana son zama a nan. Daidaita katangar kuma akwai dabarar yanka biyar. Ɗauki filawud mai kusurwa huɗu, yanke gefe ɗaya, juya shi wannan sabon gefen ya jingina da katanga ka yanke na gaba, haka har huɗu, a na biyar ka fitar da siririn yanki kamar santimita 2 daga gefen da ka fara. Auna faɗin yankin a kai da ƙarshe. Kuskuren katangar ya taru sau huɗu a wannan bambancin, raba shi huɗu ka samu ainihin gocewar a tsawon yankin. In bambancin milimita 0.8 ne to gocewarka 0.2 ce, ka matsar da gefe ɗaya na katangar ka sake gwadawa. Abinda sikwaya bazata nuna maka ba wannan zai nuna.

Tsayuwar faifai a digiri 90 ma kar ka yarda da allurar da take gaban injin. Sa sikwaya a jikin faifan tsakanin haƙora, ba akan haƙori ba don haƙori ya fi jikin faɗi. Sannan ka tabbatar da yanka: datse katako mai kauri, kifa ɓangare ɗaya, haɗa bakunan akan tebur, in akwai karkata zata ninka biyu ta fito fili. Awo kuma daga fens zuwa bakin haƙorin da yake karkato ɓangaren fens ake yi, ba zuwa jikin faifai ba, kuma ka tuna zarto yana cin nasa, in zaka fitar da yanki 4 daga allo ɗaya yanka 3 ne, kusan santimita 1 ya zama gari, mutane suna mantawa sai na ƙarshe ya fito siriri. Duk guntayen da suke buƙatar faɗi ɗaya ka yanke su a zama ɗaya kafin ka taɓa fens, don komawa daidai wurin da tef abu ne mai wuya, in duk sun goce da rabin milimita tare ba wanda zai sani, in ɗaya ne ya goce shi zai hana aikin haɗuwa. Kuma kullum gwaji akan reject ɗin katako mai kauri ɗaya kafin ka taɓa na aiki.

Sauran a gurguje. Dogon katako yana buƙatar tebur ko wani abin tara a baya, in ba haka ba nauyinsa zai rinjaya ya ɗaga ƙarshen kai kuma ka kwanta a kai kana dannawa da hannunka kusa da haƙora. In yaro ne yake tarar maka, tara kawai zai yi, baya ja, baya matse ɓangarorin biyu. Cikakken fallen filawud mai santimita 122 da 244 a ƙaramin inji wahala ce da haɗari, fara raba shi da zarton hannu na lantarki. Siraran yanki ka fitar da su ta wajen faifai ba tsakanin faifai da fens ba, kuma ka yi wa ramin faifan murfi na filawud da faifan da kansa ya huda, yana hana sirara faɗawa ciki kuma yana rage ɓarewar ƙasan katako. In ka kwantar da faifai don yanka mai karkata fens ya kasance a ɓangaren da faifan ya kauce masa, kar katako ya shiga ƙarƙashin faifan da ya rufo kansa. Safar hannu a'a, haƙori yana kama zare ya ja hannu ciki, haka hannun riga mai faɗi da zobe da agogo da duk wani abu mai reto a wuya. Gilashin ido dole. Ƙarar injin tana kaiwa wajen desibel 100 alhali daga 85 kunne yake fara lalacewa in an daɗe, toshe kunnenka. Ƙurar katako kuma tun 1995 cibiyar binciken cutar kansa, wato ciwon daji, ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa, ta hanci musamman, don haka takunkumi mai tacewa na gaske ba ƙyalle ba. Ka gwada makunninka ma, kunna injin ka zare filogi ka mayar, in ya tashi da kansa to duk ranar da wuta ta ɗauke ta dawo zai tashi ko hannun wa yake kai, canza shi da makunni mai maganaɗisu wanda sai an sake dannawa.

Wataƙila kaji labarin injunan SawStop, wanda Steve Gass ya ƙirƙiro fasaharsu a 1999 aka fara sayarwa a 2004, faifan yana ɗauke da ɗan siginar lantarki, da ya taɓa fata sai birkin alminiyom ya cake shi ya nutse ƙasa cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Abu ne mai kyau ƙwarai, wanda yake da hali ya saya, amma birkin baya hana katako tashi, su ma da wuƙar baya suke zuwa. In kuma Allah ya kiyaye yatsa ya fita, a danne ciwon da tsumma mai tsabta a ɗaga hannun sama, yatsan a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi a sa a leda a ɗaure, ledar a sa ta cikin ruwan ƙanƙara, kar ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi asibiti da shi nan take. Duk wanda yake aiki tare da kai ya kamata ya san wannan tun kafin ranar.

Wuri ɗaya ne murfi yake sauka da hujja, yankan da baya ratsa katako, kamar fitar da kwari ko cin gefe, inda faifan yake ɓoye a cikin katakon. Ko a nan in wuƙarka irin mai hawa da sauka tare da faifai ce, wadda kanta yake ɗan ƙasa da saman haƙora, barinta zaka yi, murfin kawai zaka ɗauke ka yi turi da katakon dannawa mai mariƙi a sama. In kuma tsohuwar iri ce mai tsayi da take haɗe da murfi dole ta fita, to da ka gama wannan yankan, kafin ka ɗauki katako na gaba, ka zare filogi ka mayar da ita ka sake ɗora ruler ka ga ta hau layi.